Wata shida ina biyan kuɗin karanta jarida a salula daga Tawa

Ranar da na fara cin karo da kwaɗon da ke rufe labarin jarida a salula, muna zaune a fadarmu bayan la'asar, shayi na biyu yana kan wuta. Cikin watan Maris ne, an fara hakar albasa. Na buɗe shafin wata jaridar Yamai mai fitowa mako-mako, wadda na yi shekaru ina karantawa kyauta a salula, sai na ga kanun labari a kan faɗuwar farashin albasa. Na karanta layukan farko da ƙarfi ina fassarawa, kamar yadda na saba. Ina gangarawa ƙasa rubutun ya dusashe, ga ɗan hoton kwaɗo, ga sanarwa cewa sauran labarin na masu abonma ne, wato masu biyan kuɗin karatu. Alhaji, wanda duk rayuwarsa a kan albasa take, ya miƙo wuya ya ce, "Mushe, mi anka ce?" Na ce masa an ce sai an biya. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Labarin ma?"

Raina ya ɓaci ranar. Sati uku na yi ina ƙin biya, ina ganin kamar an rufe mana rijiyar da muka saba sha. A farkon Afrilu na biya, kuma yau wata shida ke nan cif. Ba zan ambaci sunan jaridar ba, domin akwai yabo akwai kuka a cikin abin da zan faɗa, kuma kukan ba nata ba ne ita kaɗai.

Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji a nan Tawa. A fadarmu mu goma ne idan an cika: ɗan kasuwa, tela, direba, mai gyaran babur, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya, da sauransu. Mutum uku ne kawai ke karanta Faransanci a cikinmu, ni ne kuma aka ɗora wa karatu da fassara. Wannan ba sabon abu ba ne a gare ni. Ina ɗalibi lokacin da Haské ta fito a 1990, jarida mai zaman kanta ta farko da muka gani da idonmu, sannan Le Républicain ta biyo baya a 1991, shekarar babban taron ƙasa. Kafin nan Le Sahel da Sahel Dimanche na gwamnati kaɗai muka sani. Jaridar kan taso daga Yamai a mota, tafiyar kilomita kusan 550, ta iso mana da kwana ɗaya ko biyu a kanta. Mutum ɗaya zai saya, mutum ashirin su karanta. Tana yawo daga hannu zuwa hannu har ta yi laushi kamar tsumma, daga ƙarshe ta faɗa hannun mai ƙosai. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan sata ba. Haka muka tashi muka ga ana cin labari, kamar tuwo a akushi ɗaya.

Na faɗi wannan ne domin shi ne ma'aunin da na auna abonman da shi.

Farashin jika ɗaya da rabi ne a wata, ko jika bakwai da rabi na wata shida. Jaridar takarda dala sittin muke saye a da, wato fitowa huɗu a wata sefa 1,200 ke nan. To ka ga ta salula ta fi tsada da dala sittin, amma an haɗa maka da labaran da suke sawa kullum a shafin da kuma tsofaffin fitowa. Ban ga zalunci a wannan lissafin ba. Na zaɓi na wata shida.

Wajen biya ne na sha wahala. Shafin ya ba da hanya biyu, katin banki ko kuɗin salula. Katin banki irin wanda ake saye da shi a intanet, ban san mutum biyar masu shi ba a unguwarmu. Na bi ta salula. Aka cire kuɗin nan take, saƙon cirewa ya shigo, amma lambar sirrin da za ta buɗe mini shafin ba ta zo ba. Kwana uku ina jira. Na rubuta musu ta adireshin da suka sa, shiru. Sai a can ƙasan shafi na tsinci wata lambar waya da ƙananan baƙaƙe. Wata yarinya ta ɗauka, ta saurare ni da ladabi, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, turo mini hoton saƙon biyan." Kafin magariba ta buɗe mini da hannunta. Na gode mata har zuciya. Amma na yi tunanin wanda ba shi da naci irin nawa, ko wanda jika bakwai da rabin nan ita ce kuɗin cefanen satinsa: kwana ukun nan sun isa ya rantse ba zai ƙara ba. Lambar wayar nan kamata ya yi ta zauna a saman shafi da manyan baƙaƙe.

Jaridar mako tana shigowa daren Laraba, kafin ta takarda ta fita titunan Yamai ranar Alhamis. Wannan kam na ji daɗinsa ƙwarai. A karon farko a rayuwata ina Tawa ina karanta jarida kafin mutumin da ke zaune a unguwar Plateau ta Yamai ya saye ta. Wanda bai taɓa jiran mota ta kawo masa labarin shekaranjiya ba, ba zai gane nauyin wannan ba.

Sai dai an gina abin ne da tunanin mai zaune a ofis, ga fanka ga intanet na ma'aikata. Jaridar tana zuwa a matsayin hoton shafukan takarda, manya-manya, sai ka yi ta buɗa yatsu kana jan rubutu dama da hagu a kan fuskar salula. Tana da nauyi, tana shan mega kamar ƙasa mai ƙishi. A watan farko na lura forfen da ke kai ni sati ya koma ƙarewa a kwana huɗu, wato bayan kuɗin abonma akwai wani kuɗin da nake biya wa kamfanin waya, wanda ko dala ba ta isa hannun ɗan jarida. Ga Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar ke kan ganiyarsa, wuta na yawan ɗaukewa, rezo ya bi ta. Sau da yawa ina tsakiyar labari shafin zai tsaya, in ya dawo kuma ya ce in sake shigar da lambar sirri. An ba da damar sauke jaridar a ajiye, wannan ya taimaka, na koma sauke ta da asuba lokacin da rezo ke da ƙarfi. Amma labaran kullum ba a sauke su, sai kana kan layi.

To, me ke bayan kwaɗon?

Kusan rabinsa abin da zan samu kyauta ne a wani wuri. Sanarwar taron majalisar ministoci, naɗe-naɗen muƙamai, wane ya karɓi baƙuncin wane: duk wannan Télé Sahel da Voix du Sahel sun faɗa tun daren jiya, kamfanin dillancin labarai na ƙasa, ANP, ya sa a shafinsa, an kuma watsa shi a WhatsApp. Sa wa irin wannan kwaɗo kuskure ne, kuma yana sa mai biya ya ji an raina masa hankali. Sanarwar neman ma'aikata da ta gasar shiga aikin gwamnati ma a ganina bai dace a rufe su ba, domin masu buƙatarsu su ne matasan da ba su da jika ɗaya da rabi.

Ɗaya rabin shi ne dalilin da ya sa ban yi nadama ba. Abu na farko da na nema bayan an buɗe mini shi ne labarin albasar nan da ya tsaya mana a maƙogwaro. Na same shi cikin tsofaffin fitowa, shafi biyu cur. Wakilin bai zauna a Yamai ya buga waya ba. Ya zo da ƙafarsa, ya bi Galmi da ƙauyukan da ke kewaye, ya shiga gonaki, ya leƙa cikin rudu inda ake ajiyar albasa, ya ga yadda take ruɓewa idan zafi da danshi suka haɗu. Ya bayyana abin da kowa a nan ya sani amma ba a cika rubutawa ba: manomi yana cin bashin iri da taki da man injin ban-ruwa tun farkon aiki, to da an haƙa dole ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, lokacin da buhu ba shi da daraja. Wanda ke da ƙarfin ajiyewa zuwa damina ko bayanta shi ke cin ribar. Ya bi buhun tun daga gona, ta hannun dillali, zuwa babbar motar da za ta kai shi Gana ko Kodebuwa, ya nuna yadda rufe iyakar Benin tun 2023 ya tsawaita wa wasu motocin hanya, da yadda kowane kwana da aka ƙara a hanya yake komawa kan manomi. Ya ji ta bakin mata masu tsinke da gyaran albasa, waɗanda ban taɓa ganin an tambaye su komai ba.

Kwana biyu muka yi a kan labarin nan a fada. Ina karanta sakin layi, in fassara, a tsaya a yi gardama. Alhaji ya gyara wa wakilin abu ɗaya a kan yadda ake biyan dillalai, amma ya ce sauran duk haka yake. Da na gama sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaron ga ya zo wurin da kanai. Wanda bai zo ba bai sanin wannan." Daga ranar bai ƙara cewa "labarin ma?" ba.

Bayan wannan akwai rahotannin kotu da suke bi har ƙarshen shari'a, ba ranar kama mutum kaɗai ba. Akwai wani dogon bincike a kan ƙarancin malamai a makarantun karkara, wanda ya taɓa ni domin aikina ne, kuma ban sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Tsofaffin fitowar ma sun yi mini amfani a aji: na sa ɗalibaina sun karanta yadda aka ba da labarin abu ɗaya a mako uku a jere, suka ga yadda magana ke sauyawa idan bayani ya ƙaru.

Amma in aka cire labarin albasa, jiharmu ba ta cika fitowa ba. Cikin wata shida labaran da suka shafi Tawa ba su cika yatsun hannu biyu ba, mafi yawansu kuma bikin buɗe taro ne ko ziyarar wani babba. Jiha ce da ta tashi daga Kwanni da Madawa har Abalak da Cintabaraden. Ga matsalar ruwan sha da mata ke kwana a bakin famfo saboda ita. Ga samarinmu da ke tafiya bida Kodebuwa da Libiya, ƙauyuka su zama na tsofaffi da mata rabin shekara. Ga jami'ar Djibo Hamani da ɗalibanta. Ga siminti a Malbaza. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa shafi biyu. Jaridar tana kiran kanta ta ƙasa, amma idonta bai cika wuce Yamai ba.

A watan Yuli na je Yamai wani aiki, na haɗu da wani tsohon ɗalibina da ya zama ɗan jarida, ba a wannan gidan ba, a wani. Na zazzage masa duk kukana. Ya saurara, sannan ya ce, "Mushe, bari in gaya maka yadda muke ci." Takardar bugu daga waje ake shigo da ita, kuɗin maɗaba'a kullum hawa yake. Abin da ake sayarwa a titi ba ya biyan bugun kansa. Talla ce ke riƙe da gida, kuma masu ba da talla a ƙasar nan ƴan kaɗan ne: ma'aikatun gwamnati, kamfanonin waya, bankuna, ƙungiyoyin agaji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumi da tafiyar wasu ƙungiyoyin waje, wannan ma ta ragu. Akwai asusun tallafa wa kafofin labarai na gwamnati, amma ba abin da gida zai dogara da shi ba ne ya biya albashi. Shi ya sa ɗan jarida ke zuwa taron da aka gayyace shi, a ba shi kuɗin mai a ambulan, ya dawo ya rubuta abin da aka faɗa a kan mumbari. Ya ce, "Wa zai ba ni kuɗin mota zuwa Galmi in kwana uku? Manomin albasa ba ya ba da ambulan."

Maganar nan ta zauna mini. Shekarun da na yi ina karantawa kyauta, ashe akwai mai biya, kuma mai biyan shi ke zaɓen inda wakili zai je. Bukukuwan buɗe taron da nake kuka da su, su ne labaran da aka biya wa kuɗin mai. Labarin albasa kuwa sai da wani ya fitar da kuɗi daga aljihun jaridar. Ga kuma haɗarin aikin: a 2010 an cire hukuncin ɗauri a kan laifukan aikin jarida, amma a watan Yuni na 2024 an maido da ɗauri a dokar laifukan intanet ga abin da aka ɗauka ɓata suna ne ko tayar da hankalin jama'a. Wanda ya sa sunansa a ƙarƙashin bincike yana ɗauke da wannan a wuyansa. Mai tura saƙon murya marar suna a WhatsApp ba ya ɗauke da komai. Jaridar Hausa da aka fara bugawa a Zariya a 1939 sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ba kyauta ake raba ta ba, sayenta ake yi. Manyan jaridun duniya ma da suka saki labaransu kyauta a intanet sun dawo daga rakiyar hakan: New York Times ta Amurka ta sa nata shingen a 2011, ta bar labari 20 kyauta a wata, Mediapart ta Faransa kuwa tun kafuwarta a 2008 da kuɗin masu karatu take rayuwa, ba ta ɗaukar talla. Namu sun koyi kwaɗon daga can. Abin da ba su duba ba shi ne mai karatun can mutum ɗaya ne da katinsa, mai karatun nan kuwa fada ce.

A nan ne ni ma na ga laifina. Wata uku na farko, duk daren Laraba ina tura wa ƙanena da ke Abijan jaridar da na sauke. Shi kuma, na gano daga baya, yana zuba ta cikin zauren WhatsApp na ƴan garinmu da ke can, mutum fiye da ɗari. Da na dawo daga Yamai na kira shi na ce na daina. Ya ce, "Haba Yaya, ai kai ka biya, taka ce." Na ce masa jaridar takarda in na ba ka ta bar hannuna, kuma tana tsufa ta yage, wannan kuwa in na tura, ɗari ne suka samu sabuwa fil, kuma da yawansu sun fi ni kuɗi. Bai ji daɗi ba a lokacin. Bayan sati biyu ya yi nasa abonman, wasu abokansa biyu ma suka yi.

Karatun fada kuwa ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Mutum bakwai cikin goman nan ko an buɗe musu shafin kyauta ba za su iya karanta shi ba. Kwaɗon da ya fi tsare su harshe ne, tun kafin a zo ga kuɗi. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma jaridar da nake biya ba ta da ko layi ɗaya da Hausa, balle Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci. Studio Kalangou, mai shirya labaran rediyo a Yamai, ya nuna tun 2016 cewa ana iya yin labari mai inganci da harsunanmu, gidajen rediyon gari kuma kullum suna yi. Ban ce jaridar ta fassara shafi goma sha biyu ba. Murya ta minti goma da Hausa duk mako, a taƙaita manyan labarai, a tura wa masu abonma: Alhaji da kansa ya ce zai biya wannan, kuma na san irinsa suna da yawa a kasuwar Tawa.

A watan Agusta na rubuta musu doguwar wasiƙa da buƙatu huɗu. Muryar Hausar nan. Damar biyan sati ɗaya ko fitowa ɗaya, domin mutanenmu da dala-dala suke sayen komai, daga sukari har kiredi, kuma jika bakwai da rabi a dunƙule tana tsorata mutum. Shafi marar nauyi, rubutu zalla, ga masu ƙaramin forfe. Sai wakili mazaunin Tawa, ko da na haɗin gwiwa ne da wani gidan rediyo. Editan ya amsa da kansa, kuma ya amsa da mutunci. Ya ce shafi marar nauyi suna kan aikinsa, kuma lalle a watan Satumba ya fito, mega ta daina zuba. A kan biyan sati ya ce suna dubawa. A kan wakili ya ce masu abonma daga jiharmu ba su kai yawan da zai ɗauki albashin mutum ba tukuna. Maganar Hausa bai taɓa ta ba ko da kalma ɗaya, kuma wannan shirun ya fi komai yi mini ciwo.

Ga wanda ke tambaya ko ya biya: in abin da kake nema sanarwar gwamnati ce da labarin da ya faru yanzu-yanzu, rediyo ya ishe ka, riƙe kuɗinka. In kana karanta Faransanci, kana son a bi maka magana har gindinta, ko akwai mutanen da ke jiran ka karanta musu, ka fara da wata ɗaya, ka ajiye saƙon biyanka, ka kuma nemi lambar wayarsu tun kafin ka tura kuɗi.

Abonmana ya ƙare shekaranjiya. Da na faɗa a fada, tela ya ce ai bai kamata Mushe ya riƙa ɗauka shi kaɗai ba alhali kowa na sha. Aka yanke dala talatin-talatin a wata, a haɗa da kuɗin sukari da ganyen shayi da muke tarawa. Alhaji ya biya nasa da na tsohon ma'aikacin gandun daji. Wata uku muka sabunta, ba shida ba, muna son mu ga ko za a turo wani ya dubi maganar ruwa kafin zafi ya dawo. Lambar sirrin ta shigo cikin minti biyu wannan karon. Na sake rubuta wa editan cewa abonma ɗaya da yake gani daga Tawa na mutum goma ne, bakwai daga cikinsu da Hausa suke jin jaridarsa, na kuma sake tambayarsa maganar murya.